IYAKWANDISHAN A KURMI: SAYE DA SAUƘI, RIƘO DA WUYA

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta kankama, babu maganar da ta fi yawa a bakin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha kamar maganar zafi. A Agege da Idi-Araba da Mil 12, ko a unguwar Sabo ta Badun, mutum zai yi wanka da daddare ya kwanta, kafin barci ya ɗauke shi shimfiɗa ta jiƙe sharkaf da gumi, yara suna kuka saboda ƙurajen zafi, ga shi kuma da asuba tilas ya fita nema. Saboda haka duk wanda Allah ya ɗan buɗa wa a kasuwa, ko ya sami ƙarin albashi, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ya sa wa ɗakinsa iyakwandishan, watau na'urar sanyaya ɗaki.

To, amma mutane da yawa kuɗin saye kaɗai suke tambaya, alhali kuwa kuɗin iri uku ne. Akwai na saye, akwai na kafawa, sa'an nan akwai na ciyarwa, watau wuta da mai da gyara. Na farko da na biyu sau ɗaya ake biya. Na ukun kuwa kowane wata yana nan, kuma shi ne ya fi nauyi. Masu sayarwa da ƙarfin doki suke auna na'urar, su ce wannan mai doki ɗaya ce, waccan mai doki biyu. Sunan ya dace, domin duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san ba ranar ciniki ake gane tsadarsa ba, sai an zo kan dawa da harawa.

ZAFIN KURMI DABAN, NA AREWA DABAN

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ya saba da zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, don haka yakan yi mamaki da ya ji an ce zafin Ikko da wuya ya wuce digiri 35, ga shi kuwa ya fi takura shi. Dalili shi ne laima. Iskar bazara a Arewa busasshiya ce, da gumi ya tsattsafo sai ta busar da shi, jiki ya sami sanyi. Iskar bakin teku kuwa cike take da danshi, sau da yawa laimarta takan wuce kashi 80 cikin 100, saboda haka gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta kwarara. A watan Fabrairu na 2024 sai da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, ta fitar da gargaɗi ga jama'a a kan tsananin zafi, har da jihohin kudu.

Wannan bambanci ne ya sa dabarun gida ba su cin nasara a Kurmi. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda danshin da ke tsattsafowa ta jikinsu yana bushewa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Haka kuma fankar nan da ake zuba wa ruwa take aiki. A Kano da Katsina tana da amfani ƙwarai, ga ta da araha, ga ƙarancin cin wuta. Amma wanda ya saye ta don ɗakinsa na Fatakwal ko Warri ya yi asarar kuɗinsa, domin laima za ta ƙara wa ɗakin da dama laima ce ta dame shi. Kwana a tsakar gida ko bisa soro kamar yadda ake yi a Arewa, shi ma ba ya yiwuwa a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, ga sauro, ga rashin fili.

Iyakwandishan kuwa tun asali don maganin laima aka ƙirƙiro ta. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya tsara ta don wata maɗaba'a a birnin Niyok, inda danshi ke kumbura takarda har launuka su ƙi hawa daidai. Ruwan nan da ake gani yana ɗiga daga bututunta, laimar ɗakin ce take tsotsewa tana zubarwa waje. Ke nan buƙatar mazaunin Kurmi ta gaskiya ce, ba burga ba ce. Abin dubawa shi ne ko aljihu zai ɗauka.

KUƊIN SAYE

Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A lokacin ne firiji da talabijin da iyakwandishan irin ta taga suka fara shiga gidajen ƙananan ma'aikata. Naira tana da ƙarfi a wannan zamani, har a 1980 Dalar Amurka ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. Daga 1986 darajarta ta soma zubewa. A watan Yuni na 2023 da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, Dala ta tashi daga wajen N460 har ta kai wajen N1,500 a cikin 2024. Da yake ko dai daga waje ake shigo da na'urar, ko kuma da kayan waje ake harhaɗa ta a nan, farashinta Dala yake bi sau da ƙafa. A ƙarshen 2024 da wuya a sami sabuwa mai doki ɗaya ta sanannen kamfani a ƙasa da N250,000, mai doki ɗaya da rabi irin ta inbata kuwa ta haura N400,000.

Iri biyu aka fi sani a gidaje. Akwai ta taga, wadda take dunƙule guda, a fasa bango ko a cire taga a zaunar da ita. Akwai kuma mai rabi biyu, rabi a manne a bangon ɗaki, rabi a waje, bututu ya haɗa su. Ta biyun ba ta da ƙara sosai, ɗan rami kaɗan take buƙata a bango, ita ce kuma ta cika kasuwa.

Girman ɗaki shi ke nuna wadda za a saya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, mai doki ɗaya ta ishe shi. Wanda ya fi haka girma, ko yake ƙarƙashin kwano ba sili mai kauri, ko rana take dukan bangonsa da yamma, sai mai doki ɗaya da rabi. Falo babba sai mai doki biyu. Wanda ya sayi ƙarama don tsimi, injinta ba zai huta ba dare da rana, ɗakin kuma ba zai yi sanyi ba. Wanda ya sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin shi ma bai tsira ba, domin za ta sanyaya iska da sauri ta tsaya tun ba ta tsotse laimar ba, mutum ya kwana cikin sanyi mai danshi.

Sai maganar inbata. Tsohon samfuri injinsa yakan tashi da ƙarfi gaba ɗaya, ya tsaya, ya sake tashi, kuma a duk tashi yakan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci in yana tafiya. Ta inbata kuwa a hankali take tashi, in ɗaki ya yi sanyi ta rage gudu maimakon ta tsaya. Ta fi tsada a kanti, gyaran ƙwaƙwalwarta ma ya fi tsada, amma ga wanda zai bar ta kunne dare guda takan rage kuɗin wuta sosai, kuma janareta ya fi iya ɗaukarta.

Wanda kuɗinsa bai kai sabuwa ba yakan nufi kasuwar Alaba da ke Ojo, ko makamantanta, ya nemi gwanjo, wadda Yarabawa ke kira tokumbo. A nan sai an buɗe ido, gama araha ba ta ado. Da farko a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta, domin wutar Nijeriya bolt 230 ce, wasu kayan da aka shigo da su daga Amurka kuwa an yi su don wajen bolt 115. Na biyu a duba irin gas ɗinta. Tsofaffin na'urori da R22 suke aiki, shi kuwa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987, an kuma yanke wa ƙasashe masu tasowa wa'adin 2030. Sababbi da R410A ko R32 suke zuwa. Na uku, gwanjo ba ta da takardar lamuni. In injinta ya ƙone bayan mako biyu, mai shago zai ce wutar unguwarku ce ta jawo.

KUƊIN KAFAWA

Bayan an sauke kwali a ƙofar gida ne kashe kuɗi na biyu ke farawa. Bututun jan ƙarfe da ke zuwa da na'urar, in ma ya zo, ba ya wuce 'yan mitoci kaɗan, in rabin waje zai yi nisa sai a ƙara saye mita-mita. Akwai ƙarfen da za a ɗora ta a bango, akwai kejin ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi, akwai ladan mai fasa bango, akwai na makaniki. Wajen bututu ana ha'inci, wasu sukan kawo na alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe, shi kuwa ba ya jimawa a iskar bakin teku yake hujewa.

Wayar wuta ma abin kula ce. Ba a jona iyakwandishan a soket ɗin rediyo ko na guga. Tana son wayarta ita kaɗai tun daga akwatin fis, mai kauri milimita 2.5 ga ƙarama, milimita 4 ga mai doki biyu, da makunni na musamman mai amfiya 20. Galibin tsofaffin gidajen haya ba a yi musu waya don irin wannan nauyi ba, siririyar waya kuwa in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, daga nan sai gobara. A unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi, tilas a ƙara da sitabilaiza, in ba haka ba injin zai yi ta gurnani ya kasa tashi har ya ƙone.

Wajibi ne mai gida ya tsaya a kan makaniki ya ga ya zuƙe iskar da ke cikin bututu da famfon da aka yi don haka kafin ya saki gas. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, danshin da ya rage a ciki kuwa shi ke rage kwanan injin. In aka tara duk waɗannan, mai hankali zai ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin na'urar a gefe, kada ya saya ya ajiye ta cikin kwali don rashin kuɗin kafawa.

Akwai kuma abin da ba da kuɗi ake sayensa ba, watau yardar mai gidan haya da ta maƙwabta. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta hana ɗan haya yin gyara ko ƙari a gini sai da izinin mai gida a rubuce. Wanda ya fasa bango ba izini, ranar tashi zai biya, wataƙila ma wannan ya zama dalilin ba shi takardar tashi. Haka nan a gidan da mita ɗaya ce ake raba kuɗinta bisa yawan ɗakuna ko ƙwayayen fitila, ranar da mutum ɗaya ya kafa iyakwandishan ranar rigima ta soma, domin babu wanda zai yarda ya biya kuɗin sanyin da bai sha ba. Baƙo a garin mutane ba ya son irin wannan fitina. Maganinta shi ne a sa ƙaramar mita ta dabam tun kafin a kunna.

KUƊIN CIYARWA

A nan ne babban lissafi yake. Tun watan Nuwamba na 2013 aka sayar da sashen rarraba wutar tsohuwar Nepa ga kamfanoni 11, irin su na Ikeja da Eko da Badun da Binin da Inugu da Fatakwal. Daga 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awoyin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga wajen N68 zuwa N225 kowane yunit. An ɗan rage shi daga baya, a watan Yuli na shekarar ya tsaya a N209.50.

Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai cin wat 1,000 zai sha cikin awa guda. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana cin wajen wat 1,100. In aka kunna ta daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, watau awa 8, ba tare da injin ya huta ba, za ta sha kusan yunit 9. Da yake yakan huta, a ce yunit 6. A wata yunit 180 ke nan. A farashin N209.50 ya kama N37,710, in aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 ya tashi wajen N40,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 N70,000 ne. Ke nan sanyin ɗaki ɗaya, da dare kaɗai, ya cinye fiye da rabinsa. Ko da watanni 6 kawai za a yi amfani da ita a shekara, kuɗin wuta N243,000 ne, cikin shekara biyu ya kamo kuɗin da aka sayi na'urar. Fankar sama kuwa mai cin wat 75, a awoyi 8 ɗin nan yunit 18 za ta sha a wata, wajen N4,000, watau kashi ɗaya cikin goma. Farashi yana canzawa, saboda haka kowa ya duba rasit ɗin mitarsa ya ga nawa ake sayar masa da yunit, ya ninka sau 180.

Mutanen sauran rukunai an bar musu tsohon farashi a 2024, ƙasa da N70. Sai dai wutar tasu ba ta zama, sau da yawa kuma a tsakiyar dare, lokacin da aka fi buƙata, ake ɗauke ta. Daga nan sai hankali ya koma kan janareta. Ƙaramin injin nan da 'yan Ikko suka yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki iyakwandishan ba. Sai babba, wanda shi ma kuɗinsa dubbai ɗari-ɗari ne, kuma in yana ɗauke da kaya yakan sha wajen lita ɗaya a awa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da N200 har ya kai N1,000 lita a ƙarshen 2024. A wannan farashi dare ɗaya N8,000 ne, wata guda N240,000, ban da baƙin mai da gyara. Ya ninka mafi ƙarancin albashi fiye da sau uku.

Game da janareta akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci, shi ne rai. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. Ɗakin da ake sanyayawa kuwa a rufe yake ruf, kuma na'ura mai rabi biyu ba ta shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin take juyawa. An sha jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda an shigar da inji cikin baranda ko lungun gida don gudun ɓarayi. Janareta a fili ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofa, ko da kuwa za a kashe kuɗin keji da sarƙa.

Saura gyara. Ragar da ke tace ƙura mai gida da kansa zai iya cire ta ya wanke duk bayan mako biyu, in ta toshe kuwa sanyi ya ragu, cin wuta ya ƙaru. Wankin na'urar gaba ɗaya sai makaniki, kamar sau biyu ko uku a shekara. Mazauna kusa da teku, irin su Apapa da Leki da Badagiri, gishirin da ke cikin iska yana saurin cinye rabin waje da tsatsa. Abin da ya kamata kowa ya riƙe kuma shi ne gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake yi a cikin bututu. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Makanikin da ke zuwa ƙara gas duk bayan wata uku ba tare da ya nemo hujin ya toshe ba, ya mai da mai gida saniyar tatsa.

HANYOYIN RAGE NAUYI

Wanda ya auna ya ga zai iya, akwai dabarun da za su sassauta masa. Kada a sa ta a lamba 16, domin tsohon samfuri ba ya ƙara saurin sanyi don an yi haka, hana injin hutawa kawai ake yi. Lamba 25 ko 26 tare da fanka ta ishi mai barci, tun da an riga an cire laimar. A yi amfani da agogon da ke jikinta, ta kashe kanta bayan awa uku ko huɗu, fanka ta ƙarasa daren. A toshe ƙasan ƙofa, a gyara gilasan taga irin masu buɗewa falle-falle, domin ta nan sanyi ke zurarewa. A sa labule mai kauri a tagar yamma, a kafa rabin waje a inuwa inda iska ke ratsawa. Ɗaki ɗaya ya isa, iyali su taru a ciki a watannin zafi, musamman in akwai jariri ko tsoho ko marar lafiya, waɗanda zafi ya fi yi wa illa.

Wanda kuwa lissafi bai fitar da shi ba, ba abin kunya ba ne. Fanka mai caji, da gidan sauro, da raga a taga don a bar ta buɗe, da sili a ƙarƙashin kwano, duka kuɗinsu bai kai rabin na iyakwandishan ba, ba su kuma bin mutum bashi a ƙarshen wata. Galibin 'yan Arewa da ke Kurmi nema ya kawo su, akwai iyaye da 'yan'uwa a gida da ke jiran aike, ga kuɗin taki da damina, ga na makarantar yara. N40,000 a wata ba ƙaramin abu ba ne a wannan lissafi.

Saboda haka kafin mutum ya nufi kanti, ya zauna ya amsa tambaya uku. Awa nawa unguwarsa ke samun wuta da dare, kuma nawa ne yunit? Mai gidan haya da maƙwabta sun yarda, wayar gidan kuma za ta ɗauka? Bayan ya fitar da kuɗin haya da cefane da aiken gida, abin da ya saura zai biya kuɗin wutar kowane wata ba tare da ya taɓa jarinsa ba? In amsar ukun ta yi daidai, ya saya ya sha sanyinsa lafiya. In ɗaya ta ƙi, ya dakata tukuna, daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya kawo damina mai albarka.